Yadda na shigo da Scion FR-S Kano, da abin da riƙonta yake ci

Duk wanda ya ce maka zai sayo motar gudu 'yar Japan ya kawo ta Kano, abin da za ka fara tambayarsa shi ne a wane hannu sitiyarinta yake. A Japan ta hagun titi ake tuƙi, saboda haka motocin da suke ƙera wa kasuwarsu ta gida sitiyarinsu a dama yake. Mu kuwa tun ranar 2 ga Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta dama, kuma doka ba ta yarda a shigo da mota mai sitiyarin dama ko a yi mata rajista ba. Wannan kaɗai ya isa ya fitar da yawancin motocin da samarinmu ke kallo a waya suna haɗiyar yawu. Skyline GT-R R34 da aka yi daga 1999 zuwa 2002 ba ta taɓa fitowa daga kamfani da sitiyarin hagu ba. Ga kuma maganar shekaru: a 2022 da na tashi nema, Kwastan sun tsaya a kan cewa motar da ta haura shekara 12 da ƙerawa ba ta shigowa. Supra ta shekarun 1990 ta faɗi a nan, 350Z ma ta bi ta.

Dillalai za su ce maka ai ana juya sitiyari. Gaskiya ne ana juyawa, kuma na je na ga wadda aka juya a wani wurin sayar da motoci kafin in yanke shawara. Daga waje ba ka da abin cewa, fenti yana ta ƙyalli. Da na zauna a ciki na kai hannu zan kunna sigina, sai abin share gilashi ya tashi, domin sandunan biyu suna nan yadda Japan ta sa su. Shi kansa abin share gilashin gefen fasinja ya fi sharewa, ya bar wa direba wani kusurwa da ƙura. Abin buɗe bonet yana can ƙasan ƙafar fasinja. Da muka ɗaga bonet ɗin na leƙa bangon da ya raba inji da cikin mota, sai ga tabon walda an shafe shi da baƙin fenti, wayoyi kuma an yanka an ƙara musu tsawo an naɗe da salatif. A motar da za ka shiga kwana da ita a guje, ba na son in riƙe sitiyarin da wani ya yanka ya sake haɗawa a inda ban gani ba. Daga ranar na rufe wannan babin.

Hanyar da ta rage ita ce motar da aka ƙera a Japan amma aka yi ta don kasuwar Amurka, wadda sitiyarinta a hagu yake tun asali. Na yi ta auna guda uku. Mazda RX-8 injinta ba irin na fistin da muka sani ba ne, mai juyawa ne, kuma ban ga bakaniken da zan miƙa wa shi hankalina kwance ba. Nissan 370Z tana da ƙarfi sosai, silinda shida, lita 3.7, sai dai shan manta ba na mai albashi ba ne. Ta ukun ita ce Toyota 86, wadda a Amurka aka sayar da sunan Scion FR-S daga samfurin 2013 har zuwa 2016 da Toyota ta rufe sunan Scion. Toyota da Subaru ne suka haɗa hannu suka yi ta, a masana'antar Subaru da ke Gunma ake ƙera ta, injinta lita 2 ne mai ƙarfin doki 200, tayoyin baya ke tura ta, nauyinta kuma bai wuce kilo 1,250 da 'yan kai ba. Na ƙaurace wa ta 2013 saboda a 2018 kamfanin ya yi kiranyen waɗansu daga cikinsu don canza sifirin ɗin bawul, aikin da sai an sauke inji. Na tsaya a kan ta 2015 mai giyar hannu guda shida.

Sayen ya bi ta gwanjon motoci na Amurka da ake yi ta intanet. Wani ɗan'uwana da ke can ya haɗa ni da dillali mai lasisi, domin ba kowace mota ake bari mutum ya taya da kansa ba. A nan ne haƙuri yake aiki. Yawancin motocin gwanjo kamfanonin inshora ne suka biya masu su suka karɓe, ke nan kowacce da raunin da ta ji. Na sa wa kaina ƙa'ida: ba na taɓa wadda ruwa ya ci, komai arharta, domin wutar mota idan ta sha ruwa ba ta warkewa. Ba na taɓa wadda ta daku ta gaba har jakar iska ta fashe. Kuma irin wannan mota da yara masu ɗanyen kai suke so, sai ka duba hoton injin da kyau. Idan ka ga an canza salansa, an sauke ta ƙasa, an liƙa mata tarkace, to ta sha wuya a hannun mai ita. Wadda na samu an goge ta ne a ƙofar fasinja da fiffiken baya, tana tashi tana tafiya. Na biya aka binciko tarihinta da lambar shasi, lamba 17 ɗin nan da ke ƙasan gilashin gaba. Tata ta fara da JF1, alamar Subaru ce ta ƙera ta a Japan.

Dala a Wapa na saya, kamar yadda kowane Bakano yake yi. Abin da zan gaya wa mai shirin bin wannan hanya shi ne kuɗin da ka ci gwanjo da shi somin-taɓi ne. Akwai ladan masu gwanjo, ladan dillali, kuɗin ɗauko ta daga filin gwanjo zuwa tashar jirgin ruwa, sannan kuɗin jirgin. Kafin ta taka ƙasar Legas lissafina ya riga ya yi nisa da inda na fara shi. Na zaɓi jirgin da ake tuƙa mota a shiga da ita maimakon kwantena, don ya fi sauƙin kuɗi, amma sharaɗinsa ba a barin kaya a ciki, kuma makullinta yana wucewa ta hannaye da yawa. Ta iso ba kan sandar giya, ba jak, ba tabarmin ƙafa. Kan giyar nan ƙaramin abu ne, amma sai da na yi odarsa daga waje.

Tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, saboda haka a lokacin zancen 'yar Kwatano ya ƙare ga mai son takarda mai tsabta. Tawa ta sauka ne a tashar Tin Can da ke Legas. A 2022 ne Kwastan suka kawo tsarin ƙiyasta kuɗin fito da lambar shasi: a shigar da lambar a kwamfuta, ta faɗi kimar mota, ba ruwanta da nawa ka saya. A lokacin, a kan wannan kimar ake ɗora kuɗin fito kashi 20, da harajin hukumar motoci kashi 15, da VAT kashi 7.5, da wasu 'yan ƙananan caji, ga na tasha da na kamfanin jirgi. Ejan fito na farko da na yi magana da shi ya ba ni farashi biyu, ya ce akwai cikakke akwai kuma "na taimako". Na taimakon shi ne a rubuta mata shekarar da ba tata ba a rage kuɗi. Na ce masa na gode, na nemi wani. Mota mai ƙofa biyu da ba kowa ke da irinta ba, ko ina ta bi sai an tsayar da ita, kuma jami'in da ya tsayar da kai a hanyar Zariya zai iya duba lambar ya ga abin da aka biya. Na nace aka ba ni takardar shigar da kaya, takardar ƙiyasi, rasit ɗin banki da takardar fita daga tasha, duk da lambar shasin da ta dace harafi da harafi. Da ta iso sai da na kai su ofishin Kwastan da ke Bompai aka tabbatar mini. Wani abu kuma, a shirya kuɗin fito kafin jirgi ya iso, domin kuɗin ajiya a tasha kullum ƙaruwa yake.

Ban yarda a tuƙo ta daga Legas ba. Tafiyar ta haura kilomita dubu, kuma direban da za a ba wa ita ba zai ga mota irin wannan ya tausaya mata ba. A kan tirelar dakon motoci ta zo, aka tsaya a wajen Na'ibawa za a sauke ta. A nan na fara ganin rayuwar da ke gabana. Tsakanin cikinta da ƙasa bai wuce santimita 13 ba, ƙarfen saukar tirelar kuma a tsaye yake. Yaron mota ya fara ja da baya, na ga haɓar bambar gaba saura ɗan yatsa ta kama ƙarfe, na daka masa tsawa ya tsaya. Direban ya sauko yana cewa, "Alhaji kwantar da hankalinka, haka muka loda ta." Aka aika wajen masu katako aka aro faifai huɗu masu kauri, aka jera su a ƙarshen ƙarfen aka tokare da bulo, ni ina tsugune a gefe ina ba da hannu, tana saukowa taƙi-taƙi har tayoyin gaba suka taɓa ƙasa. Kafin mu gama masu Adaidaita Sahu sun yi layi suna kallo, wani yana tambaya ko Ferrari ce.

Gyaran jiki bai ba ni wahala ba. Kano tana da masu bugun ƙarfe da fenti da za su mayar da fiffike kamar ba a taɓa shi ba, matuƙar ka ba su lokaci kuma ka tsaya a kan a haɗa launin fenti da lambarsa da ke jikin mota, ba da ido ba. Ƙofar ce kawai na yi oda. Lamba da takardu na yi su a hukumar tara haraji ta jiha, VIO suka duba ta, na yi inshora. A lokacin mafi ƙarancin inshora naira 5,000 ce, daga Janairun 2023 ta koma 15,000, amma ni cikakkiya na yi, saboda fitilar gaba ɗaya ta wannan motar ba abin wasa ba ce a cikin garin da babur mai ƙafa uku ke shigo maka ta kowane ɓangare.

Abu na farko da na gyara bayan mota shi ne ƙofar gidana. Gangaren da ke kan lambatu an yi shi ne don Corolla, wannan kuwa ba ta hawa sai ta goga ciki. Na kira magini ya fasa ya sake zuba shi a kwance. Sannan na koyi garin daga farko. Tudun rage gudun da 'yan unguwa ke zubawa da kansu a lunguna ba shi da awo, wani har Jeep tana jin sa. Irin wannan a karkace ake hawansa, taya ɗaya bayan ɗaya, ana bin ka da ham daga baya kana haƙuri. Akwai layukan da na daina bi gaba ɗaya. Titin Zoo, titin BUK, titin Ahmadu Bello da gadojin sama ba matsala. Cikin birni, Kurna da lungunan Rijiyar Zaki kuwa sai da tsohuwar Corollata. Da damina idan aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta ba na fitar da ita sam, domin ramin da ruwa ya rufe ba ya sallama, kuma inji idan ya zuƙi ruwa ya gama. Mutane da yawa sun ba ni shawarar a ɗaga ta, a sa mata roba a kan shokozoba yadda ake yi wa sauran motoci. Na ƙi. Duk abin da ya sa motar nan take kama titi a kwana shi ne kusancinta da ƙasa, idan na ɗaga ta na zubar da abin da na biya kuɗi dominsa.

Mai shi ne damuwar da ba ta ƙarewa. Injin nan matsinsa 12.5 ne, an yi shi don fetur mai ƙarfi da a Amurka suke kira 91 ko 93, wanda a ma'aunin da ake amfani da shi a nan ya kama 95 zuwa 98. Fetur ɗinmu bai kai haka ba, kuma iri ɗaya ne a kowane famfo. Kwamfutar motar tana jin ƙarar ƙwanƙwasa ta ja lokacin tartsatsi baya don ta kare inji, sai ƙarfi ya ragu. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ga AC a kunne, za ka ji ta yi nauyi. Abin da nake yi shi ne gidan mai ɗaya nake sha wanda na yarda da shi, ina zuba maganin ƙara ƙarfin mai a kowane cikon tanki, ba na danna ta a babbar giya tana ƙasa-ƙasa, kuma ko layin mai ya kai ina ba na kusantar 'yan bumburutu. Wanda ya tuna gurɓataccen man da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ya san dalili. Tankinta lita 50 ne, kuma ba ta fi Camry shan mai ba idan ka bi ta a hankali. Amma tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta ci gaba da hawa, fita shan iska ta zama abin da ake lissafawa.

Sai bakanike, wanda a ganina shi ne rabin motar. Kafin ma ta iso na fara nema, kuma tambayoyi uku na riƙa yi wa duk wanda aka kwatanta mini: wane baƙin mai zai zuba, me zai yi idan ta yi zafi, kuma yana da kwamfutar gwaji. Da yawa sun ce mai kauri, 20W-50, saboda zafin Kano, kuma a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye. Wannan ilimin Fijo 504 ne, ya yi aiki a zamaninsa. Injin nan 0W-20 aka rubuta masa a kan murfi, hanyoyin mansa sirara ne, mai kauri ba ya isa inda ake buƙatarsa da sauri. Wanda na tsaya a kansa matashi ne a wajen Kwakwaci. Ranar farko da ya buɗe bonet ya daɗe yana kallo bai taɓa komai ba, sannan ya ce, "Yallaɓai, wannan ai a kwance injin yake. Ka bar ni in karanta shi tukuna kafin in sa sifana." Wannan maganar ce ta sa na yarda da shi.

Injin kuwa a kwance yake da gaske, silinda biyu na kallon dama biyu na kallon hagu, irin ginin Subaru. Matatar baƙin mai tana sama a gaba, canza ta ba wuya. Fulogi ne aiki. Suna can gefe, tsakaninsu da ƙarfen shasi hannu da kyar yake shiga. Ranar da muka canza su sai da ya kwance ƙafafun inji ya sa jak da katako a ƙasa ya ɗaga shi kaɗan, ya haɗa gajerun soket biyu da 'yar gwiwa, yana juyawa da yatsu uku yana kallon sama, domin ido ba ya ganin wurin. Aikin da a Corolla ba ya wuce shan shayi ya ci mana daga hantsi har bayan la'asar. Na biya shi fiye da abin da ya nema, kuma ban ga asara ba.

Kayan gyara kuma labari ne daban. Na shiga Ƙofar Ruwa neman fatar birki, mai shago ya ce wace mota, na ce Scion, ya ce Toyota ke nan, ya ɗauko na Camry. Na nuna masa tsohon, ya juya shi ya ga tambarin Subaru, ya girgiza kai ya ce, "Maigida, wannan sai Legas." Tun daga nan na daina faɗin sunan mota, lambar kaya nake bayarwa. Wasu ana samu a kasuwar Ladipo ta Legas, wasu daga Dubai, wasu sai ɗan'uwan nawa ya saya ya haɗo da kayan masu zuwa. Saboda haka a gida ina da kwali: matatar mai, matatar iska, bel, fatar birki gaba da baya, da ruwan lagireto na asali, don ruwan famfo ba ya shiga injin nan. Matatar iska da hunturu ba na jiran lokacin da littafi ya faɗa, ƙurar Kano ba ta san da littafi ba. Tayoyinta 215/45 ne a kan rim 17, gefensu gajere, rami ɗaya mai kaifi ya isa ya kumbura taya ko ya lanƙwasa rim, kuma sababbi nake saye, ina duba shekarar da ke jiki.

Hajiyarmu da ta gan ta, ta zagaya ta sau ɗaya ta ce, "To kai yanzu ina za ka sa yaran?" Na nuna mata kujerun baya, ta leƙa ta ce Allah ya sa alheri, ya tsare. Tana da gaskiya, kujerun nan sai yaro ƙarami ko jaka. Wannan ba motar kai iyali Sallah ba ce, ba ta zuwa Dawanau ɗauko buhu ba ce, kuma wanda ba shi da wata motar kada ya fara. A gari kuma ana yi maka kallon mai kuɗi fiye da yadda kake. A shingen bincike tambaya ta fi yawa, shi ya sa kwafin takardun Kwastan ba ya barin motar. Abin da ya fi damuna shi ne masu zuwa aro don wasan mota a biki. Abokai, ƙannen abokai, har da waɗanda ban sani ba. Amsata ɗaya ce, a'a. Mota ce da tayoyin baya ke turawa, an gina ta ne bayanta ya zame cikin sauƙi, kuma wanda bai iya ba zai kashe abin da ke tsare ta daga zamewa ya juya a tsakiyar yara 'yan kallo. Ba zan ba da makullina a zubar da jinin ɗan wani saboda a ɗauki bidiyo ba, ko da za a yi fushi da ni.

Masu tambayar gudun da take yi sukan ji kunya idan na ce Camry mai silinda shida, mai doki 268, za ta wuce ta a miƙaƙƙen titi. Daɗinta ba a nan yake ba. Ranar Lahadi bayan asuba, kafin manyan motoci su cika hanya, nakan ɗauki titin Wudil ko in nufi Tiga. Kana zaune ƙasa sosai, sitiyarin ƙarami ne, kana jin kowane tsakuwa a tafin hannunka. Giyar gajera ce, tana shiga da 'yar ƙara mai daɗi. Tsakanin juyi 3,000 da 4,500 a minti injin yakan ɗan yi sanyi, da ka haura nan sai ya buɗe murya har zuwa 7,400. A kwana ba ta jingina, inda ka kalla nan take bi, kuma duk wannan kana samunsa ba tare da ka haura kilomita 100 da doka ta yanka ba. Da rana a cunkoson Bata ko 'Yan Kura kuwa ƙafar hagu ce ke biyan bashin wannan daɗin, kulochi sama kulochi ƙasa.

Kwanan baya na sa wani dillali ya yi mata kuɗi don in san inda nake. Ya taya ƙasa da abin da zai ba wa Corolla ta shekararta, ya ce masu neman ƙofa biyu da giyar hannu a Kano ba su da yawa, za ta daɗe a fili. Ban yi gardama ba, haka kasuwar take, kuma ban da niyyar sayarwa. Yanzu borin kulochi ya fara 'yar ƙara da safe, na yi odarsa tare da faifan kulochin gaba ɗaya tunda sai an sauke giya, kuma bakanikena ya auna cikinta zai sa a yanko mana farantin ƙarfe mai kauri da zai kare tukunyar baƙin mai kafin damina.